Tsuntsun da bai kai giram biyu ba da lambun da ke ciyar da shi

A tsibirin Kuba akwai tsuntsun da nauyin namijinsa bai kai giram 2 ba. Daga tsinin baki zuwa ƙarshen wutsiya santimita 5 zuwa 6 ne, ƙwansa kuwa bai wuce ƙwayar wake ba. Duk duniya babu tsuntsun da ya kai shi ƙanƙanta. Yana cikin dangin da masu Faransanci da Sifaniyanci ke kira kolibiri, masu Ingilishi kuma hummingbird, saboda ƙugin da fikafikansa ke yi. Dangin sun haura iri 360, kuma kaf ɗinsu a nahiyar Amurka suke, tun daga Alaska har ƙurewar kudancin Ajantina da Chile. Babu ko ɗaya a Afirka, ko Turai, ko Asiya.

Mutanen can suna matuƙar son su gan shi a tsakar gidansu, kuma wannan son ne ya jawo da yawa daga cikinsu suka fara tumɓuke ciyawar ado suna shuka tsirran da ƙasarsu ta haifa. Ga kaɗan daga abin da ke tattare da tsuntsun, da lambun, da sauran baƙin da ke biyo sawunsa.

Jikin da ba ya hutawa

An taɓa auna bugun zuciyar wani kolibiri aka samu sau 1,260 a minti ɗaya. Fikafikan ƙananan cikinsu suna kaɗawa sau 50 zuwa 80 a daƙiƙa guda. Yana tsayawa cak a iska, ya yi sama, ya yi ƙasa, ya yi gefe, ya koma da baya ba tare da ya juya ba. Tafiya a ƙasa ce kawai ta gagare shi, don ƙafafunsa na kama reshe ne da sosa jiki.

Wannan aiki yana cin abinci. Kowane minti 10 zuwa 15 sai ya sha ruwan fure, kuma a yini yana iya shan abin da ya fi nauyin jikinsa, daga ɗaruruwan furanni. To, da dare fa, da ba ya kiwo? A nan hikimar Ubangiji take. Idan sanyi ya yi yawa sai ya maƙale a reshe ya sandare, zafin jikinsa ya sauka, zuciyar ta koma bugawa kamar sau 50 a minti. A wani bincike da aka wallafa a 2020, an bi wasu kolibiri a tsaunukan Andes na ƙasar Peru, wurin da tudunsa ya kai mita 3,800, aka tarar zafin jikin ɗaya daga cikinsu ya faɗi zuwa digiri 3.26. Ba a taɓa samun tsuntsu mai rai da jikinsa ya yi wannan sanyi ba. Gari na wayewa ya karkaɗe jiki, ya ɗumama, ya tashi kiwo.

Kolibiri mai jan maƙogwaro, wanda shi ne aka fi sani a gabashin Amurka, nauyinsa giram 3 ne da ɗoriya. Kafin ƙaura yakan ci ya tara kitse har ya kusa ninka nauyinsa, sa'an nan wasu daga cikinsu su ratsa mashigin tekun Meksiko, kimanin kilomita 800, ba inda za su sauka. Wani kuma, mai launin jan ƙasa, yana kai da komowa tsakanin Meksiko da Alaska, tafiyar da ke kaiwa kilomita 6,000 zuwa kawai.

Harshensa ya rabu biyu a ƙarshe. An daɗe ana koyarwa cewa ruwan fure yana hawa ne a kansa a hankali, sai a 2011 Alejandro Rico-Guevara da Margaret Rubega na Jami'ar Connecticut suka ɗauki hotonsa da kyamara mai saurin gaske. Ashe rassan harshen buɗewa suke yi idan sun shiga ruwan, su rufe su damƙe shi idan za su fito, kuma hakan yana faruwa sau goma sha wani abu a daƙiƙa.

Kakanninsa ma ba masu shan zaƙi ba ne. 'Yan'uwansa na kusa su ne tsattsewa masu cafke ƙwari a sama. Tsuntsaye ba su da irin abin ɗanɗanon zaƙi da ke harshen ɗan Adam, sai binciken Maude Baldwin na 2014 ya nuna cewa a jikin kolibiri abin da ke ɗanɗanon nama ne ya rikiɗe ya koma jin zaƙi. Wani abin mamakin kuma, ƙasusuwan kolibiri mafi daɗewa da aka tono, masu shekara miliyan 30, a ƙasar Jamus aka same su, inda yau babu shi ko na magani.

Ba ya mantuwa. A lardin Alberta na Kanada masu bincike sun jera furannin roba takwas, huɗu ana sake cika su bayan minti 10, huɗu bayan minti 20. Ba a daɗe ba tsuntsayen suka gane, suka riƙa komawa kowane fure daidai lokacinsa.

Abin da mafi yawan masu lambu ba su sani ba

Ruwan fure sukari ne da ruwa, ba ya gina tsoka ko ƙashi. Kolibiri yana cin sauro, da ƙananan ƙudaje, da gizo-gizo, da ƙwarin da ke maƙale a ƙarƙashin ganye, kuma da su uwa ke cika cikin 'ya'yanta. Saboda haka lambun da aka cika da furanni aka yi masa feshi har ba ƙwaro ko ɗaya, tsuntsun zai leƙo ya sha ya wuce, amma ba zai yi sheƙa a ciki ba. A ganina duk sauran maganar a kan wannan ta rataya.

Mutumin da ya fi kowa yayata wannan a Amurka shi ne Doug Tallamy, masanin ƙwari a Jami'ar Delaware, wanda littafinsa Bringing Nature Home ya fito a 2007. Bayaninsa mai sauƙi ne. Kowane tsiro yana da dafin da yake kare ganyensa da shi, kuma yawancin ƙwari masu cin ganye sun saba ne da dafin 'yan tsirarun tsirran da suka yi dubban shekaru suna zaune tare. Ka kawo musu baƙon itace daga wata nahiya, ko da ya fi kowane kyau, ba za su iya cinsa ba. Tallamy ya ƙirga: itatuwan oak na yankinsa suna ciyar da tsutsotsin malam-buɗe-littafi da danginsa fiye da iri 500. Itacen ginko, wanda aka kawo daga Sin aka jera a bakin tituna, da ƙyar yake ciyar da iri biyar.

Me ya sa za a damu da tsutsa? Akwai wani ɗan tsuntsu da suke kira cikadi, nauyinsa kamar giram 10. Kafin mace da namiji su yaye 'ya'yan sheƙa ɗaya, sai sun kawo tsutsa 6,000 zuwa 9,000. Ɗaya bayan ɗaya suke ɗauko su a baki, tun asuba har faɗuwar rana, sama da mako biyu. Desirée Narango ta bi waɗannan tsuntsaye gida-gida a birnin Washington da kewaye, sakamakon ya fito a 2018: duk gidan da tsirran ƙasa ba su kai kashi 70 cikin 100 na ganyayensa ba, cikadi ba sa iya hayayyafar da za ta maye waɗanda suka mutu. Gidajen kore shar, tsuntsayen kuwa suna fama da yunwa.

A 2019 mujallar Science ta wallafa cewa tsuntsayen Arewacin Amurka sun ragu da kusan biliyan 3 daga 1970.

Fure da baki

Furen da aka halitta domin kolibiri yana da kamanni sanannu: ja ne ko ruwan lemo, dogo kamar bututu, ba ƙamshi, ba wurin sauka. Ƙudan zuma ba ya ganin ja sosai, yana bin ƙamshi, kuma yana son inda zai ɗora ƙafa. Ke nan furen ya ɓoye kansa daga ƙudan zuma ne ya ajiye ruwansa domin mai iya tsayuwa a iska. Shi kuwa tsuntsun ba ja kaɗai yake bi ba, duk launin da ya gane akwai zaƙi a bayansa zai koma masa. Idonsa ma ya fi namu. A Colorado, a 2020, Mary Caswell Stoddard ta nuna yana bambance launukan da ke gauraye da hasken da idon mutum ba ya gani sam.

Akwai wasu furanni biyu 'yan'uwan juna a tsaunukan Kalifoniya, daga dangin Mimulus. Ɗaya ruwan hoda ne, ƙudan zuma ke zuwar masa, ɗaya ja ne, na kolibiri. Masana biyu, Bradshaw da Schemske, suka yi musu musayar ƙwayar gado guda ɗaya tak mai kula da launi. Furen ƙudan zuma da ya koma ruwan lemo sai ziyarar kolibiri gare shi ta ninka sau 68. Jan da ya koma ruwan hoda kuma ziyarar ƙudan zuma ta ninka sau 74. A 2003 aka wallafa wannan.

A tsaunukan Andes akwai kolibiri mai bakin takobi, wanda bakinsa ya kai santimita 10, ya fi gangar jikinsa tsawo. Ba ya iya gyara gashinsa da baki, sai da ƙafa, kuma idan ya sauka sai ya ɗaga bakin sama don kada ya rinjaye shi. Akwai dogayen furannin da shi kaɗai ke kaiwa ƙasansu. A wasu tsibiran Karibiyan kuma akwai irin da bakin namijin gajere ne miƙaƙƙe, na macen dogo ne lanƙwasasshe, kowannensu da irin furen Helikoniya da ya dace da bakinsa.

Har fasinja yake ɗauka. Wasu ƙananan halittu dangin kaska suna zaune cikin furanni, ba su da fiffike. Da kolibiri ya zura baki sai su ruga su haye, su shige kafar hancinsa, su sauka a fure na gaba.

Mai lambu da ya san abin da yake yi a gabashin Amurka yana shuka ne bisa kalandar tsuntsun. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da yake dawowa daga kudu a rame, jan furen Akwilejiya na daji ya buɗe. Bayansa sai Lonisera mai launin murjani, mai yaɗo a jikin shinge. A Yuli Monarda, wadda mutanen asalin ƙasar ke dafa ganyenta su sha. A Agusta da Satumba, daidai lokacin tara kitsen ƙaura, sai jar Lobeliya da wani fure mai ruwan lemo da ke fita a bakin rafi, wanda kwanson 'ya'yansa ke fashewa da an taɓa shi. Abin da ake gudu shi ne a sami makon da babu abin da ya yi fure.

Idan ya riga furanni isowa arewa fa? Akwai wani maƙwaƙwafi da ke huda jerin ramuka a ɓawon itace don ruwan itacen ya tsattsafo. Kolibiri sai ya riƙa binsa yana sha, yana kuma tsince ƙwarin da suka maƙale a ciki.

Ita kuwa Lonisera da aka kawo daga Japan a ƙarni na 19 saboda ƙamshinta, ta tsallake shinge ta shiga daji, tana naɗe ƙananan itatuwa tana shaƙe su a jihohi da dama. A tsibirin Robinson Crusoe na ƙasar Chile abin ya fi muni. Akwai kolibirin da babu shi ko'ina sai can, namijin ja wur, macen kore da fari, har aka taɓa ɗauka iri biyu ne. Baƙin tsirrai masu yaɗo da aka shigo da su sun mamaye dajin da yake sheƙa, yanzu yana gab da ƙarewa.

Amma gaskiya ɗaya ce, ba kowane kolibiri baƙon tsiro ya cuta ba. Wanda ake kira na Anna a da bai wuce kudancin Kalifoniya da arewacin yankin Baja na Meksiko ba. Da aka shuka itatuwan turare daga Ostareliya masu fure da hunturu, aka kuma rataya kwalaben ruwan sukari a gidaje, sai ya yi ta matsawa arewa har ya kai Vancouver a Kanada, inda yake kwana cikin dusar ƙanƙara. Shi ya ci riba. Mai launin jan ƙasa kuwa, wanda ya dogara da furannin daji a kan doguwar hanyarsa, yawansa raguwa yake yi shekara da shekaru. 

Kwalbar sukari tana da ƙa'ida: awo ɗaya na farin sukari, awo huɗu na ruwa. Ba a sa zuma, ba a sa jan rini, kuma da zafi sai an wanke ta duk kwana biyu ko uku, in ba haka ba ta yi funfuna ta sa wa tsuntsun cuta.

Maƙwabta da maƙiya

Kada a share yanar gizo. Da ita macen kolibiri ke ɗaure sheƙarta, wadda faɗinta bai wuce santimita 4 ba. Tana haɗa audugar tsirrai, ta ɗaure da zaren gizo, ta lilliƙa gansakuka a waje don ta saje da reshe. Zaren yana miƙewa, don haka sheƙar tana buɗewa yayin da 'ya'yan biyu ke girma. Ita kaɗai ke ginin, ita ke kwanci, ita ke ciyarwa. Namijin ba ruwansa.

A tsaunukan Chiricahua na Arizona an lura cewa kolibiri suna cincirindon yin sheƙa a ƙarƙashin sheƙar shaho. Harold Greeney da abokan aikinsa suka gano dalili a 2015. Akwai wani tsuntsu mai kama da hankaka da ke shanye musu ƙwai, shi kuma abincin shaho ne, don haka ba ya kusantar wurin. Kolibiri kuwa ya yi wa shaho ƙanƙanta, ba ya ko kallonsa.

Ƙoƙi-ƙoƙi yana kashe kolibiri. Wani nazari na 2017 ya tattara lokuta 147 da aka ga ƙoƙi-ƙoƙi ya kama tsuntsu a ƙasashe 13, fiye da kashi 70 cikin 100 a Amurka, kuma galibinsu kolibiri ne a bakin kwalbar sukari ko a kan fure. Yana laɓewa ya cafke shi da hannuwansa masu ƙaya. Abin baƙin cikin shi ne da yawa daga manyan ƙoƙi-ƙoƙin baƙi ne daga Asiya da Turai, kuma masu lambu da kansu suke sayen ƙwansu su saka don su cinye musu ƙwari.

Sai dai duk wannan bai kai ɓarnar kyanwa da gilashi ba. An ƙiyasta a 2013 cewa kyanwoyi suna kashe tsuntsaye biliyan 1.3 zuwa biliyan 4 duk shekara a Amurka. Gilashin taga kuma, wanda tsuntsu ke hango itace a cikinsa ya nufe shi da gudu, yana kashe miliyan 365 zuwa kusan biliyan 1. Wanda ya kira tsuntsu gidansa, haƙƙinsa ne ya tsare magensa a ɗaki, ya kuma yi wa gilashin ɗigo-ɗigo ta waje.

Sauran baƙin

Wanda ya shuka domin kolibiri ba shi kaɗai zai gani ba. Malam-buɗe-littafin da ake kira monak, mai ruwan lemo da baƙi, yana tashi daga Kanada da arewacin Amurka ya yi tafiyar da ta kai kilomita 4,000 zuwa wasu dazuzzukan kan tudu a tsakiyar Meksiko. Mutanen ƙauyukan wurin sun san da zuwansa tun kaka da kakanni, masana kuwa sai a Janairun 1975 suka gano inda yake sauka. Tsutsarsa ba ta cin komai sai ganyen wani tsiro mai farin ƙaro, kuma dafin ganyen ne ke zama a jikinta ya sa tsuntsaye su ƙyale ta. Maganin kashe ciyawa ya share wannan tsiro daga gonakin masara da waken soya, shi ya sa yanzu ake roƙon mutane su shuka shi a gida.

Wannan tsiron ɗan'uwan tumfafiya ne. Duk wanda ya duba ganyen tumfafiya da kyau a ƙasar Hausa zai iya samun tsutsa mai zanen fari da baƙi da rawaya tana ci, kuma ita ce ke zama malam-buɗe-littafin nan mai ruwan lemo da muke gani, ɗan'uwan monak na jini.

Ƙudan zuma na asali a Amurka sun kai iri 4,000, mai yin zuman da ake sayarwa ba ya cikinsu, Turawa ne suka kai shi a ƙarni na 17. Kusan kashi 70 cikin 100 na 'yan ƙasar a rami suke zama cikin ƙasa, yawancinsu kowace ita kaɗai, sauran kuma cikin busasshen kara da ruɓaɓɓen itace. Gidan da aka shafe da siminti da ciyawa ba su da masauki a ciki.

Busasshen ganye ma gida ne. Tsutsotsi da yawa idan sun ƙoshi a kan itace faɗowa suke yi su shige cikin ganyen da ya zuba, su yi hunturu a nan kafin su fito da fikafikai. Ƙwaron nan mai walƙiya da dare yana shafe shekara ɗaya ko biyu yana tsutsa a cikin danshin ganyen, yana cin dodon koɗi. Mai gida ya share, ya ɗure a buhu, motar shara ta kwashe, sa'an nan ya yi ta tambayar inda walƙiyar da ya sani yana yaro ta tafi.

Rigimar ciyawa

Ciyawar ado da ake askewa duk mako ta rufe kimanin eka miliyan 40 a Amurka. Wani nazari na 2005 da aka yi da hotunan tauraron ɗan Adam ya nuna cewa faɗinta ya fi na duk wani amfanin gona da ake yi wa ban ruwa a ƙasar, har da masara. Yawancin irinta ma daga Turai da Afirka da Asiya aka kai su. Shawarar Tallamy ita ce kowa ya mayar da rabin tasa ga tsirran ƙasa, a sami eka miliyan 20, abin da ya fi manyan gandayen dajin ƙasar da dama idan an haɗa su.

Ba kowa ke so ba. A unguwanni da yawa akwai ƙungiyar masu gidaje mai ikon cin tarar wanda bai aske ciyawarsa ba. A jihar Maryland wata irin wannan ƙungiya ta umarci wasu ma'aurata su tumɓuke lambun furanninsu su shimfiɗa ciyawa. Suka ƙi, aka shiga kotu, maganar ta kai majalisar jiha, a 2021 aka yi dokar da ta hana irin waɗannan ƙungiyoyi tilasta wa mutum ciyawar ado. A shekarar dai jihar Nevada ta yi dokar cire ciyawar da ba a amfani da ita a yankin Las Vegas kafin 2027, saboda kogin Colorado yana ja da baya. Minnesota kuwa tun 2019 take ba mazauna tallafin kuɗi su shuka furannin ƙasa domin wani ƙudan zuma da ya kusa ɓacewa.

A Meksiko, mai kolibiri kusan iri 60, tsuntsun yana da tsohon matsayi. Mutanen Aztek na zamanin da sun yi imani cewa jarumin da ya mutu a fagen daga yana dawowa a siffarsa. Wannan girmamawa ba ta hana a yau a kashe shi a busar a sayar a ɓoye a matsayin layar farin jini ba, duk da doka ta haramta. María del Coro Arizmendi ta babbar jami'ar ƙasar ta fara dasa lambunan kolibiri a 2014, da furannin Salbiya da makamantansu na ƙasar, daga harabar jami'a abin ya bazu zuwa makarantu da gidaje a birnin Meksiko.

Namu na gida

Ba mu da kolibiri, amma muna da sha-kauci, ɗan tsuntsun nan mai siririn lanƙwasasshen baki da gashi mai ƙyalli. Ba su haɗa dangi ba ko kaɗan, sana'a ce ta sa suka yi kama. Sha-kauci ya fi son ya kama reshe ya sha, shi ya sa furannin Afirka da yake zuwar wa sukan tanadi wurin sauka. A Afirka ta Kudu an shigo da wata tabar daji daga Kudancin Amurka, mai furen da aka yi domin kolibiri, ba wurin ɗora ƙafa. Masu bincike suka tarar a 2009 cewa sha-kaucin can sun koma tsayawa a iska suna sha, suna kuma yi mata barbara tana ƙara yaɗuwa.

Furen kauci kansa abin kallo ne. Yakan zauna a rufe har sai tsuntsu ya taɓa shi da baki, sai ya tsage farat ɗaya ya watsa masa garin fure a ka. Manomi ba ya ƙaunar kauci, kuma yana da hujja, don yana tsotse kaɗanya da ɗorawa. Minjirya da gurjiya ba su da wannan laifi, ga jajayen furanni da rani lokacin da abinci ya yi wa tsuntsaye wuya. Kuka da ɗorawa kuwa da dare suke buɗe fure, jemagu ke yi musu barbara.

Dogon yaro, wanda ya cika titunan Maiduguri da Kano da Maraɗi, baƙo ne daga yankin Indiya, a ƙarni na 20 aka baza shi a ƙasashenmu. Inuwarsa ta yi mana rana, ba mai musun wannan. Amma ganyensa yana ɗauke da sinadarin da ke hana ƙwari ci, abin da ya sa manoma ke jiƙa shi su yi feshi, su kuma zuba shi a rumbu. Unguwar da babu komai sai shi tana da inuwa, tsutsar da tsuntsu zai kai wa 'ya'yansa ce za ta yi ƙaranci. Duk mai filin dasa itace uku a ƙofar gida, ina roƙonsa ya bar gurbin biyu ga kurna, ko tsamiya, ko minjirya.